Ina so in kafa saba tawa ta taswira da bin sawun babura kai tsaye, me zan ɗora a kai?

Tambayar da ɗan'uwa ya yi ita ce yana da kamfanin kai saƙo a Kano, babura 40, kuma yana so shi daga ofis ya riƙa ganin inda kowane yaro yake a taswira, sannan mai kaya ma ya ga saƙonsa na tahowa. Ya ce baya son dogaro da Google saboda biya da dala, yana so komai ya zauna a sabarsa, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana miƙa su ta intanet, to wace manhaja zai ɗora?

Toh malam, abu na farko da zan roƙe ka dan Allah ka raba tambayar nan gida biyu a kanka tun kafin ka kama hayar saba, domin aiki biyu ne daban kuma halinsu ba ɗaya ba. Taswira abu ce da ba ta motsi, titin Zariya yau yana nan inda yake jiya, ka zana ta sau ɗaya ka ajiye kowa ya ɗiba. Shi kuwa wurin da babur yake bayan daƙiƙa goma ya zama tsohon labari. Yawancin waɗanda na ga sun sha wahala a aikin nan sun haɗa biyun ne a tukunya guda, sun ƙare ƙarfinsu da kuɗinsu a kan zanen taswira wanda shi ne mai sauƙin, sai ɗigon da ke yawo a kai wanda shi ne ainihin abin da kwastoma ke kallo aka bar shi ba kulawa.

Bari mu fara da taswirar. Abin da kake gani a waya kamar hoto ɗaya ba hoto ɗaya ba ne, ƙananan murabba'ai ne aka jera kamar tayil ɗin ɗaki, shi ya sa ma ake ce musu tayil, kowanne fiksel 256 a tsawo 256 a faɗi. A mataki na 0 duk duniya tayil ɗaya ce. Ka kusanto mataki ɗaya ta zama 4, ka ƙara ta zama 16, haka take ninkuwa sau huɗu-huɗu, kafin ka kai mataki na 18 inda ake ganin lungu da gida ɗai-ɗai tayil ɗin duniya sun haura biliyan 68. Najeriya kaɗai a wannan matakin wajen miliyan 40 ne in ka lissafa da faɗin ƙasar. Kaga kenan ba wanda zai zauna ya zana su duka a matsayin hotuna ya ajiye, kuma duk wata manhajar saba ta taswira da za ka ji sunanta dabara ce kawai ta kauce wa wannan lissafin.

Bayanan da za a zana kuma daga OpenStreetMap za ka samo, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, mutane ne ke zana ta da hannunsu kyauta. Akwai wani kamfani a Jamus, Geofabrik, da yake yanka ta ƙasa-ƙasa yana sabuntawa kullum, ka shiga ka sauke na Najeriya kawai, ɗaruruwan megabait ne, alhali na duniya gaba ɗaya ya haura gigabait 70. Kyauta ce amma da sharaɗi, lasisinta ODbL ya wajabta ka rubuta a gefen taswirarka cewa bayanan na OpenStreetMap ne, kar ka goge wannan rubutun don kwalliya. Sannan wani abu da mutane ke yi wanda bai dace ba, sai su ɗauki adireshin tayil na ainihin shafin OpenStreetMap su liƙa a manhajar kasuwancinsu. Waɗancan sabobin da gudummawa ake riƙe su, suna da ƙa'idar amfani, in ka matsa musu za su iya toshe ka ba sanarwa, ranar nan kwastomominka fari fat za su gani.

Tsohuwar hanya, wadda ita za ka fi cin karo da ita in ka yi bincike, ita ce ka ɗora rumbun bayanai na PostgreSQL da PostGIS, ƙarin da ke sa shi ya fahimci taswira, ka zuba bayanan da osm2pgsql, sai Mapnik ya zana hotunan, renderd ya tsara layin aiki, mod_tile kuma ya zauna cikin Apache yana miƙa wa masu buƙata. In an nemi tayil ɗin da ba a taɓa zanawa ba sai a zana shi nan take a ajiye, kuma ba ɗaya ake zanawa ba, 8 sau 8 ne wato 64 a tashi ɗaya tunda wanda ya kalli nan zai ja taswirar gefe. Hanya ce mai kyau, ta daɗe tana aiki, ita ke riƙe da babbar taswirar OpenStreetMap ɗin kanta. Amma gaskiya ban ba ka shawararta ba. Tana son RAM mai yawa da faifai mai sauri, zubin farko yana cin awanni, kuma duk ranar da ka ce a canza kalar titi to duk hotunan da aka tara sun tashi aiki sai an sake zanawa. Mai babura 40 ba shi da buƙatar ɗaukar wannan kayan.

Abin da zan ce ka yi shi ne tayil na bekta. A nan saba ba ta zana hoto sam, tana aika wa waya bayani ne tsagwaronsa, ga layi nan sunansa kaza titi ne babba, ga fili nan kasuwa ce, sai wayar ta zana da kanta da wata manhajar zanen taswira mai suna MapLibre. MapLibre ɗin nan ta samo asali ne a Disamba 2020 lokacin da Mapbox suka canza lasisin manhajarsu, sai masu amfani suka ɗauki fitowar ƙarshe ta kyauta suka ci gaba da ita. Amfanin bekta shi ne a tsarin OpenMapTiles a mataki na 14 ake tsayawa, in mutum ya ƙara kusantowa wayar ce ke faɗaɗa abin da ke hannunta, wancan lissafin na miliyan 40 ya kau kenan. Ka ɗauki Planetiler, mai mayar da bayanan OpenStreetMap tayil na bekta, ka nuna masa fayil ɗin Najeriya, a kwamfuta mai ɗan ƙarfi ba zai daɗe ba zai fito maka da fayil guda ɗaya tak. In ka fitar da shi a tsarin PMTiles ma ko manhajar saba ta musamman ba ka buƙata, ka ajiye shi bayan Nginx, manhajar da ke miƙa shafukan intanet, kamar kowane fayil, burauza ce za ta riƙa cewa a ba ni daga bait kaza zuwa bait kaza, ta ɗebi iya unguwar da ake kallo. In kuma kana son saba sosai akwai Martin, akwai TileServer GL, shi na biyun har yana iya mayar da bekta hoto saboda tsofaffin wayoyin da zane ke yi musu nauyi, sai ka nuna musu da Leaflet, wata manhajar nuna taswira a burauza wadda ba ta da nauyi ko kaɗan.

Wani ɗan abu da ya shafe mu mu Hausawa a nan, ka duba rubutun da ka zaɓa wa taswirar yana da ƙ da ɗ da ɓ. In babu, sunaye irin su Ƙofar Mata ko Ɗan Agundi in an rubuta su da lanƙwasa sai ka ga harafin ya ɓace ko akwati ya fito a wurinsa. Noto Sans yana da su, ka yi amfani da shi ka huta.

Iyakar maganar taswira kenan, aikin kwana ɗaya ko biyu ne, ka sa a riƙa sake gina fayil ɗin duk wata shikenan.

Yanzu ga inda aikin yake. Mutane da yawa suna ɗauka tauraron ɗan'adam ne ke ganin babur ya gaya wa ofis. A'a. GPS saurare kawai yake yi, taurarin suna watso sigina, na'urar da ke jikin babur ta lissafa inda take, shikenan aikin tauraro ya ƙare. Kai wannan labarin zuwa sabarka kuma aikin layin waya ne da data, da duk matsalolin da ka sani na sabis. Saboda haka ɗigon da kake gani a allo kullum labarin baya ne, tambayar kawai ita ce bayan daƙiƙa nawa, kuma ko manhajarka tana faɗa maka gaskiyar hakan.

Manhajar da zan ce ka fara da ita Traccar ce. Kyauta ce, buɗaɗɗiya, da Java aka rubuta ta, Anton Tananaev ne ya kafa ta, kuma babban ƙarfinta shi ne ta iya yaren tirakoki iri-iri sama da 200. Domin su waɗannan ƙananan tirakokin da ake ɗaura wa mota da babur kowane kamfani da yadda nasa ke magana, sai Traccar ta ware wa kowane yare ƙofarsa, masu yaren GT06 da suka cika kasuwa suna shiga ta 5023, Teltonika ta 5027, manhajarta ta waya ta 5055, shafin da kai za ka kalla kuma yana 8082. Tiraka kana saita ta ne da saƙon tes, ka tura mata adireshin sabarka da lambar ƙofa, daga nan ita ce za ta riƙa kiran saba, saba ba ta iya kiranta tunda layin waya ba shi da tsayayyen adireshi a intanet. In ka ɗora ta ka ga na'ura ba ta bayyana ba, kafin ka zargi komai ka duba ko ƙofar a buɗe take a katangar tsaron saba, sannan ka duba ko yaren da aka rubuta a kwali shi ne ainihin wanda take yi, don jabu sun yi yawa. Kuma tana zuwa da ɗan ƙaramin rumbun bayanai na gwaji mai suna H2, kar ka fara kasuwanci a kansa, ka mayar da ita PostgreSQL tun ranar farko.

Mu yi lissafi ka ga girman abin. Babur 40, kowanne yana turo wurinsa duk daƙiƙa 10, saƙo 4 kenan a daƙiƙa, wannan ko ƙaramar saba ba za ta ji shi ba. Amma a aikin awa 12 kowane babur ya turo ɗigo 4,320, gaba ɗaya 172,800 a rana, a wata ya haura miliyan 5. To abin da ke kashe irin wannan saba ba gudun saƙo ba ne, tarin tarihi ne da ba wanda ya yi tunanin sharewa, sai bayan wata takwas a ga rahoto yana jan ƙafa faifai ya cika. Ka yanke tun yanzu kwana nawa kake buƙata, in 90 ne to 90, abin da ya wuce a share ko a taƙaita. Shi kuma tazarar daƙiƙa 10 ɗin ba aya ba ce, babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 110 a wannan lokacin, ya wadatar a gari. Abin da ya fi shi ne na'ura ta turo in ta yi tafiyar mita kaza ko ta sha kwana, in tana tsaye kuma ta rage zuwa minti ɗaya ko biyu, batir da data duk sun samu sauƙi.

Daga saba zuwa allon mai kallo kuma, kar yaronka mai rubuta manhaja ya sa shafi ya riƙa tambayar saba duk daƙiƙa biyu wai ina yake ina yake. Mutum 200 na kallo buƙata 100 kenan a daƙiƙa, yawancinsu amsarsu babu sabon abu. WebSocket ake amfani da shi, layi ɗaya a buɗe, in sabon wuri ya shigo saba ta tura, Traccar tana da shi a ciki. In kuma kun yanke ku gina naku daga tushe to ku kalli MQTT, wani tsarin aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori, da sabarsa Mosquitto. An ƙirƙiri MQTT ne a 1999 don sa ido a bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda layi ke da tsada kuma yana yawan yankewa, kaga kuwa yanayinmu ne sak. Yana da abu biyu da nake so ƙwarai, yana riƙe saƙon ƙarshe na kowace na'ura don wanda ya buɗe shafi yanzu ya ga wani abu nan take, sannan na'ura tana barin wasiyya a wurin saba cewa in kin ji ni shiru layi ya yanke ki sanar cewa na fita. OwnTracks, wata manhajar bin sawu ta waya, a kansa take aiki. Akwai kuma Hauk, ƙarama ce, ita don raba wuri na ɗan lokaci kawai aka yi ta, in lokaci ya cika mahaɗin ya mutu.

Ga abin da ya fi damuna a duk aikin nan, kuma dan Allah in za ka manta da komai kar ka manta da shi. Kowane ɗigo yana da lokaci biyu, lokacin da GPS ya kama wurin da lokacin da saƙon ya iso saba. In yaro ya shiga inda ba sabis, manhaja mai kyau tana tara ɗigon a waya, in ya fito ta juye su gaba ɗaya, to in ka jera da lokacin isowa sai ka ga babur yana tsalle gaba da baya. Da lokacin GPS ake jerawa. Sannan a allo dole a rubuta tsufan ɗigon, an gan shi daƙiƙa 8 da suka wuce, an gan shi minti 14 da suka wuce, in ya haura minti biyu kalarsa ta dushe. Na taɓa yi wa wani mai irin sana'arka gyara, ya kusa korar wani yaro saboda allo ya nuna shi tsaye wuri ɗaya kusan rabin awa ana ta kiran kaya ba su iso ba, ashe yaron yana kan hanya, wayarsa ce ta kashe manhajar don tattalin batir, allon kuma ya ci gaba da nuna ɗigon kore shar kamar yanzu aka turo. Abin ya tsaya min a rai sosai, don abincin mutum ne ya kusa tafiya a kan layin rubutu ɗaya da ba a sa ba. Wayoyin Android da yawa haka suke yi wa duk manhajar da ke aiki a bayan fage, sai an ba ta izinin ganin wuri a kowane lokaci, an cire ta daga tsarin tattalin batir, kuma tana nuna sanarwa a saman allo muddin tana aiki. Shi ya sa ni a babur na fi son tiraka da aka haɗa da batirin mashin, waya ta zama ta biyu.

GPS ɗin kansa ma yana da nasa kuskuren, a fili waya tana iya kamawa cikin mita 5 ko kusa, amma a cikin rumfunan kasuwa irin Kwari ko tsakanin dogayen gine-gine sai ya kauce da yawa. Kowane ɗigo yana zuwa da ƙiyasin kuskurensa, wanda ya wuce mita 100 ka watsar, wanda ya nuna babur ya yi kilomita biyar a daƙiƙa goma ka watsar. In ka ga babur ɗinka ya bayyana a cikin teku kudu da Gana, ba sace shi aka yi ba, na'urar ce ba ta kama tauraro ba ta turo 0 da 0, Traccar tana da matatar da ke zubar da irin wannan sai dai ka kunna ta. Sai kuma tarkon juya lambobi, Leaflet tana karɓar latitud kafin longitud, GeoJSON da MapLibre kuma longitud suke sa wa a gaba. Mu abin ya fi mana haɗari domin Kano tana wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas, in aka juya su sai ka faɗa wajajen Ganye a Adamawa, har yanzu cikin Najeriya, ba za ka yi saurin gane kuskure ne ba.

Sai maganar wa ke ganin wa, wadda a halin tsaron da muke ciki ba abin wasa ba ce. Wurin da mutum yake kai tsaye da tarihin inda yake kwana, in ya faɗa hannun mugu ka san abin da zai iya biyo baya. A 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki ta fallasa sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, ba kutse aka yi ba, bayanan da aka tara ne kawai aka nuna. Saboda haka mahaɗin da za ka tura wa mai kaya ya zama dogo wanda ba a iya cankarsa, ba lamba 101, 102 da mutum zai canza ya ga na wani ba, ya nuna babur ɗaya kawai, kuma ya mutu da zarar an miƙa kaya. Ko WhatsApp da ya kawo raba wuri kai tsaye a 2017 minti 15 ko awa 1 ko awa 8 ya ba da zaɓi, bai bar shi a buɗe ba iyaka ba. Shafinka ya zama HTTPS, wato mai lulluɓe bayanai a hanya, Let's Encrypt suna ba da takardar shaidarsa kyauta, ka rufe rajistar sababbin masu shiga a Traccar bayan ka buɗe asusunka, kowane ma'aikacin ofis da nasa asusun. Ka sani kuma yawancin tirakoki masu arha a fili suke aika bayanansu ba a lulluɓe ba, kuma suna zuwa da kalmar sirri ta kamfani irin 123456 wadda duk wanda ya san lambar layin zai iya tura mata umarni, ka canza ta kafin ka ɗaura. Yaran kuma ka zaunar da su ka gaya musu ana bin sawun babur, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, su sa hannu, in da wayarsu ce a bar su su kashe bayan an tashi aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka a nan, kuma ko ba doka haƙƙinsu ne.

Abu ɗaya da zai iya ba ka mamaki in ka buɗe taswirar, za ka ga manyan tituna tsaf amma wasu lungunan cikin Birni ko sababbin unguwannin bayan gari ba suna, wasu ma babu su. Wannan ba laifin sabarka ba ne, ba a zana ba ne tukuna. Kuma kai kana da abin da zai gyara, tunda yaranka suna ratsa lungunan nan kullum sun san sunan da mutanen unguwa ke kiransu. Ka buɗe asusu a OpenStreetMap, duk sati ka zauna da ɗaya daga cikinsu ku ƙara abin da kuka tabbatar da idonku, kar dai ku kwafo daga taswirar Google don lasisi ya hana, in ka sake gina fayil ɗinka wata mai zuwa za ka gan su a ciki. Lissafin hanya da kimanta lokacin isowa kuma, wato su OSRM da Valhalla, ka bar su tukuna sai lungunan sun shiga, don hanyar da za su ba ka ba za ta fi taswirar da ka ba su kyau ba.

Ni a matsayinka saba ɗaya mai RAM gigabait 4 zan kama, Traccar da PostgreSQL a kai, fayil ɗin taswira in gina shi a wata kwamfutar in ɗoro, in fara da babur uku na sati biyu, ɗaya da tiraka biyu da waya, in tura su Kurmi da Kwari da hanyar Gwarzo in ga inda ɗigon ke ɓacewa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo, sannan in saya wa sauran babura 37 ɗin tirakoki. In ka kai nan ka turo min irin tirakar da ka samu a kasuwa in gaya maka ƙofar da za ka buɗe mata.